ƊAN MUTANE AMANA NE: Jawabi Ga Masu Kula Da Yara A Karatun Hutu A Gafasa

Wannan shi ne bayanin jawabin da wani ɗan'uwa ma'aikacin jinya ya gabatar ga matasan da aka ɗora wa nauyin kula da yara a karatun hutu na garin Gafasa, cikin ƙaramar hukumar Ajingi ta jihar Kano. Karatun na yini ne, wato iyaye su turo yara da safe, a sallame su bayan la'asar. An yi zaman ne kafin a buɗe karatun, kuma matasa daga ƙauyukan Ajingi da na Gaya sun halarta.

Bayan godiya ga Allah (T) da salati ga Manzon Allah (S), mai jawabin ya fara da tambayar 'yan'uwa, a wane lokaci ne ake yin dogon hutun makarantu? Aka ce masa wajen Agusta zuwa Satumba. Ya ce to nan ne maganar take. Hutun ya faɗo ne a tsakiyar damina, lokacin da kududdufai suka cika, sauro ya yi yawa, ruwan sama kuma yana kwaso ƙazantar bayan gari yana zubawa a rijiyoyin da ba a ɗaga bakinsu ba. Ya ce duk wanda ya tara yara 100 ko 200 a wuri ɗaya a irin wannan lokaci har na tsawon makonni, to ya sa a ransa cewa sai wani ya yi zazzaɓi, sai wani ya yi gudawa, sai wani ya faɗi ya ji ciwo. Abin tambaya kawai shi ne, in hakan ta faru, me za a tarar an tanada?

Ya ci gaba da cewa, uwar da ta yi wa ɗanta wanka da safe, ta rataya masa jaka ta turo shi, ba ta san ko rabin matasan da ke wurin ba. Ta yarda da su ne saboda sunan addini da ke kan aikin. In aka yi sakaci yaron ya salwanta, wal'iyazu billah, ga alhakin rai a wuya, ga shi kuma an rufe ƙofar karatun a garin, domin ba uban da zai sake turo nasa. Saboda haka, in ji shi, abin da ake nema ga ɗan'uwa shi ne ya san yaran da ke hannunsa tun kafin ciwo ya zo, ya kame hannunsa daga ba da magani da ka, sannan ya gane lokacin da za a bar komai a nufi asibiti.

LITTAFIN RAJISTA

Mai jawabin ya ce aikin lafiya yana farawa ne daga ranar rajista. Kada a karɓi yaro sai tare da mahaifinsa ko wani babba na gidansu. A rubuta sunan yaro da shekarunsa da unguwarsu, da lambar waya biyu, domin da damina uba yana gona, wayarsa tana gida ko kuma ba caji. Sannan a tambaya dalla-dalla: yaron yana da sikila? Yana da asma? Yana da farfaɗiya? Ya taɓa yin jijjiga in ya yi zazzaɓi? Akwai wani magani ko abinci da in ya sha yake sa masa borin jini? Akwai maganin da yake kan sha yanzu? An yi masa allurar rigakafi?

Ya yi nuni da cewa iyaye da yawa suna ɓoye farfaɗiya da sikila don gudun surutun mutane, musamman ga 'ya'ya mata. Don haka a yi tambayar a keɓe, kuma littafin ya zauna a hannun mutum ɗaya amintacce. Ɗan'uwan da ya ji sirrin gidan wani a wurin rajista, ya je ya baza shi a majalisa, shi ma ya ci amana.

Game da rigakafi, ya tuna wa 'yan'uwa annobar mashaƙo da ta ɓarke tun ƙarshen 2022 ta ci gaba a 2023, wadda jihar Kano ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu, kuma akasarinsu yara ne da ba a kammala masu rigakafi ba. Ya ce cuta ce da ke bin numfashi, tana son wurin da yara suka cunkushe. Yaron da ya zo da zazzaɓi da ciwon maƙogwaro da kumburin wuya, a ware shi daga sauran nan take, a kira iyayensa a wuce asibiti.

Abu na ƙarshe a rajista, ya ce, uba ya sa hannu ko ya dangwala yatsa cewa ya amince a kai ɗansa asibiti in abin gaggawa ya taso ba a same shi ba.

ƊAN AGAJI BA LIKITA BA NE

Da ya juya kan magani, mai jawabin ya ce a nan ne mai son taimako yake yin ɓarna. Yaro ya ce kansa na ciwo, sai ɗan'uwa ya aika kemis a haɗo masa ƙwayoyi huɗu ko biyar a ƙullin leda, ba suna, ba ranar ƙarewar aiki. Ya ce 'yan'uwa su dubi tarihin ƙasar nan. A 1990 yara sama da 100 sun mutu a Jos da Ibadan bayan sun sha farasitamol na ruwa wanda aka haɗa da wani sinadari mai guba da ke kashe ƙoda. Bayan wannan ne aka kafa hukumar NAFDAC a 1993. Duk da haka a ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 irin wannan gubar ta sake shiga wani maganin haƙoran jarirai mai suna My Pikin, yara 84 suka rasu. A 2022 kuma aka yi asarar yara kusan 70 a ƙasar Gambiya ta dalilin magungunan tari na ruwa da aka shigo da su daga Indiya. Ya ce waɗanda suka ɗura wa yaran nan magani iyayensu ne masu ƙaunarsu, neman sauƙi suke yi masu.

Ya kuma kawo abin da ya faru a Kano a 1996, shekarar da sanƙarau ya kama mutum sama da 100,000 a Nijeriya, ya kashe sama da 11,000. A lokacin ne kamfanin Pfizer na Amurka ya yi gwajin sabon maganinsa mai suna Trovan a Asibitin Zana, inda aka sa yara 200 cikin gwajin, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye sun ce ba a nemi izininsu ba, kamfanin ya ce cutar ce ta yi kisan, aka yi ta shari'a har zuwa 2009 da aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Ya ce darasin da ya shafi masu kula da yara a nan shi ne, ba wanda yake da ikon sa wa ɗan wani magani a baki ba da sanin iyayensa ba, ko da kamfani ne, balle kai.

Daga nan sai ya jero ƙa'idojin da za a bi. Mutum ɗaya ne zai riƙe akwatin magani, a kulle, nesa da hannun yara. Ba allura a wurin karatu, ko wa ya iya. Ba a ba yaro asfirin. Ba a ajiye maganin tari mai kodin, wanda gwamnati ta hana haɗa shi da shigo da shi tun 2018. Yaron da ya zo da maganinsa daga gida, a karɓa cikin kwalinsa na asali, a rubuta sunansa a jiki da lokutan sha, kada kuma a ba wani yaron don an ga ciwonsu ya yi kama. Duk abin da aka ba yaro a rubuta lokaci da adadi, a sanar da iyaye da yamma, don kada a je gida a sake ba shi.

Game da farasitamol, wanda shi ne kaɗai ya yarda a riƙa bayarwa in iyaye sun amince, ya ce da nauyin yaro ake aunawa: miligiram 10 zuwa 15 ga kowane kilo. Yaro mai kilo 20 ke nan zai sha 200 zuwa 300, wato rabin ƙwayar manya mai 500 ya ishe shi. A bar tazarar awa 4 zuwa 6, kada kuma a wuce sau 4 a yini da kwana, domin in ya yi yawa hanta yake lalatawa. Ya ja kunne cewa magungunan mura da yawa suna da farasitamol a ciki, in aka haɗa an ninka ke nan ba a sani ba.

Sauran kayan akwatin, in ji shi, su ne ma'aunin zafin jiki, da ƙunshin gishiri da sukari, da auduga, bandeji, filasta, almakashi, safar hannu, sabulu da tocila. A saya a shagon da aka sani, a duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki.

ZAZZAƁI

Mai jawabin ya ce bisa rahotannin Hukumar Lafiya ta Duniya, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Nijeriya suke. Maganin kariya da ake bi gida-gida ana rabawa kowane wata da damina na yara ne 'yan wata 3 zuwa wata 59, alhali akasarin masu zuwa karatun hutu sun wuce wannan shekarun.

Ya ce in jikin yaro ya yi zafi, a auna. In ya kai 37.5 ko ya wuce, zazzaɓi ne. A kwantar da shi a inuwa, a rage masa tufafi, a ba shi ruwa, a goga masa tsumma da ruwa mai ɗan ɗumi, a kira gida. Farasitamol zafi kawai yake saukarwa, ba ya kashe cutar, saboda haka a ranar za a kai shi cibiyar lafiya a yi masa gwajin jini na ɗan yatsa, wanda bai wuce minti 20 ba. Ba kowane zazzaɓi ne na sauro ba. In gwaji ya nuna shi ne, ma'aikacin lafiya zai ba da haɗin maganin da ake kira ACT, wanda Nijeriya ta koma kansa tun 2005 bayan kulorokwin ya daina aiki yadda ya kamata. Ana shan sa kwana 3 cif. Ya ce 'yan'uwa su riƙa tuna wa iyaye, domin da yawa da sun ga yaro ya miƙe a kwana na biyu sai su ajiye sauran don gaba.

AMAI DA GUDAWA

Ya tuna cewa a 2021 an samu sama da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a Nijeriya, sama da 3,000 suka mutu, kuma Kano na cikin jihohin da abin ya fi shafa. Ya ce abin da ke kashe yaro a gudawa shi ne ƙarewar ruwan jiki, kuma kwalara kan iya yin wannan cikin 'yan awoyi.

Da yaro ya fara, a haɗa masa ruwan gishiri da sukari na ƙunshi bisa ma'aunin da aka rubuta a jiki. In babu, a samu lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, wato ledar ruwa biyu, a zuba ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari a shafe, da rabin cokali na gishiri. Ya ce a kula, gishirin in ya yi yawa shi ma illa ne. A riƙa ba shi kurɓi-kurɓi. In ya yi amai a jira minti 10 a ci gaba. Abin da ya kwana ya yini a zubar a haɗa sabo. A asibiti za a ƙara masa ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14. Kada a ba shi kafso da sunan tsayar da gudawa.

Amma rigakafi ya fi magani, in ji shi. Randar da yara 100 suke tsoma moɗa ɗaya a ciki suna sha, in ɗaya yana da cutar kowa ya samu. A samo mazubi mai murfi da famfo, a tafasa ruwan ko a sa masa maganin tsarkake ruwa. A ajiye buta da sabulu a bakin banɗaki da wurin cin abinci, a sa wani ɗan'uwa ya tsaya a kai. In yara biyu ko uku suka fara gudawa a rana ɗaya, a sanar da sashen lafiya na ƙaramar hukuma, kada a ɓoye don gudun a ce a rufe karatu.

ALAMOMIN DA BA A JIRA

A nan mai jawabin ya nemi kowa ya ɗauki biro. Ya ce in aka ga ɗaya daga cikin waɗannan, ba shawara, ba jiran a idar da darasi: yaro ya kasa sha ko yana amayar da duk abin da ya sha, jijjiga, barci mai nauyi da ba ya farkawa, ko sambatu, numfashi da sauri ko ƙirji yana lotsawa, sanƙarewar wuya, tafin hannu da cikin ido sun yi fari fat, idanu sun zurma, fatar ciki in an ja ba ta komawa da wuri, gudawa mai kama da ruwan shinkafa ko mai jini, fitsari ya yi baƙi ko ya ɗauke, kumburin fuska ko leɓe bayan shan magani ko harbin ƙudan zuma.

Kan jijjiga ya tsaya sosai. Ya ce abin da aka saba yi a gidaje shi ne a tura cokali a baki, a matsa albasa a ido, a yi turare da hayaƙi, a ɗura ruwa ko jiƙo, wasu har su kara ƙafar yaro a wuta. Ya ce duk wannan ƙarin ciwo ne: cokali yana karya haƙori, abin da aka ɗura kuma huhu yake tafiya. Abin yi shi ne a janye duk abin da zai buge shi, a sa masa abu mai laushi a ƙarƙashin kai, a kwantar da shi a gefensa, kada a danne shi, a kori sauran yara, a duba agogo. In ta kai minti 5 ba ta tsaya ba, ko ta sake dawowa, a ɗauke shi a haka a tafi. Ko ta tsaya da kanta, a kai shi a duba shi a ranar. Ya ƙara da cewa farfaɗiya ba a ɗaukar ta ta yawu, don haka kada wani ya gudu ya bar yaro a ƙasa.

MASU SIKILA DA MASU ASMA

Ya ce kimanin mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da ƙwayar halittar sikila, don haka da wuya a tara yara da yawa ba a samu mai ciwon ba. Ƙishirwa da sanyi da dukan ruwan sama da wahala mai yawa su ne ke tayar masa da shi. Kada a sa shi fareti ko gudu a rana, kada a hana shi fita shan ruwa ko fitsari, kada kuma a ce masa rago. Zazzaɓi ga mai sikila abin gaggawa ne ko da yana tafiya da ƙafarsa. Mai asma kuwa, abin shaƙarsa ya kasance kusa da shi kullum. In ta tashi a zaunar da shi, kada a kwantar, ya shaƙa. In ya kasa magana saboda numfashi, a nufi asibiti. Kada a sa shi sharar aji mai ƙura.

RUWA DA MACIJI

Mai jawabin ya tuna wa 'yan'uwa abin da ya faru a Bagwai ranar 30 ga Nuwamba 2021, inda kwale-kwalen da aka yi wa lodi fiye da kima ya kife a madatsar ruwan Watari, aƙalla mutum 29 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya da za su taron Maulidi. Ya ce yara ne da aka fito da su daga gida da niyyar alheri. Saboda haka duk fitar da za a yi da yara, a ƙirga su a tafiya, a ƙirga su a dawowa, kada a cusa su a mota ko a jirgin ruwa don a rage kuɗi. Kududdufin da ke kusa da wurin karatu a sa masa mai gadi a lokacin tara. In yaro ya faɗa ruwa, wanda bai iya iyo ba ya miƙa gora ko igiya, kada a yi asarar biyu. Ya ce yadda ake hura numfashi da danna ƙirji ba a koyon sa da baki, a nemi 'yan Red Cross ko ƙungiyoyin 'yan agaji su zo su nuna a aikace.

In maciji ya sari yaro, musamman kububuwa da ke hana jini daskarewa, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya tamau. A kwantar masa da hankali, a ɗora wa ƙafar katako kamar mai karaya, a ɗauke shi, kada ya taka. Cizon kare a wanke da sabulu da ruwa minti 15 a tafi asibiti. Ƙuna a zuba mata ruwan sanyi minti 20, ba ƙwai, ba man goge baki. Haɓo kuma a sunkuyar da kai gaba a matse hanci minti 10.

HANYAR ASIBITI

Ya ce duk abin da aka faɗa ba zai yi amfani ba in ba abin hawa. Tun kafin a buɗe karatu, wakilai su je cibiyar lafiya mafi kusa su gabatar da kansu, su karɓi lambar ma'aikacin da ke wurin, su san lokacin da ake tashi. Abin da ya fi ƙarfinta, Babban Asibitin Gaya ne, daga nan kuma sai Kano, Asibitin Murtala ko na yara na Hasiya Bayero ko na Malam Aminu Kano. A yi magana da mai mota ɗaya da masu babur biyu, a ajiye kuɗin mai da na kati a ambulan da ba a taɓawa ko za a rasa alli. A san hanyar da za a bi in ruwa ya ɓata wadda aka saba. Mutum biyu ne za su raka yaro da takardar bayaninsa da kwalin duk maganin da ya sha, sauran su zauna da yaran da aka bari.

TAMBAYOYI

Wani ɗan'uwa ya tambaya, in yaro ya faɗi yana jijjiga, ba za a fara yi masa addu'a ba tukuna? Mai jawabin ya ce a yi addu'a mana, amma ai baki ne ke yin ta, ƙafa kuma tana tafiya. A yi ta a kan babur. Ya ce ya kamata 'yan'uwa su sani cewa zazzaɓin sauro in ya taɓa ƙwaƙwalwa yana sa yaro fisge-fisge da sambatu, a zaci iska ce, a yini ana tofi, alhali kowace awa tana da muhimmanci.

Wani kuma ya ce, in uban yaro ya ƙi yarda a kai shi asibiti fa? Ya ce a lallashe shi da girmamawa, a ce masa Baba ga abin da aka gani, a nemi liman ko mai unguwa ya sa baki. Kada a yi masa gatsali a gaban jama'a. Wannan ne ma ya sa ake son a gama wannan magana tun ranar rajista, lokacin da hankalin kowa yake kwance.

Kafin a tashi, an fitar da wanda zai riƙe littafin rajista da wanda zai riƙe akwatin magani, da waɗanda za su je cibiyar lafiya da wajen masu abin hawa, aka kuma ce kowa ya kawo rahoton abin da ya yi kafin ranar buɗewa. Daga nan aka rufe zaman da addu'ar Allah (T) Ya tsare yaran Musulmi, Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya kuma ba 'yan'uwa ikon sauke amanar da suka ɗauka.